Bin Sawun Shan Inna Har Rugar Buba

Laraba: Gumel zuwa Gagarawa

Tun kafin ladanin unguwarmu ya kira assalatu na yi wanka, na ɗaura zanen da nake ajiya don biki, na zauna a zaure da ƙunshin kayana a cinya. Iya, mahaifiyata, ta leƙo ta ce, "Hansai, ƙin barcinki ba zai sa mota ta yi sammako ba." Gaskiyarta. Amma ku yi mini uzuri, masu karatu. Shekaruna ashirin da 'yan kai a lokacin, ban taɓa fita daga Gumel ba. Ƙafata ta hagu ta shanye tun ina ƙarama, da sanda nake tafiya, sana'ata kuwa kitso ce, a zaune ake yin ta. Mata ne suke zuwa wurina da labarin garuruwa, ni ban taɓa zuwa na gani ba.

Wadda ta jawo tafiyar ita ce Sista Rifkatu, ma'aikaciyar lafiya, mutuniyar wajen Jos da aiki ya kawo Gumel tun jiharmu tana sabuwa. Ni nake yi mata shuku. Ita ta zo da kanta ta roƙi Iya da yayana su ba ta arona. Ta ce labari ya iso daga wani ƙauye a ƙasar Gagarawa, ƙafar wata yarinya ta saki. "Matan ƙauye da sun ga fararen kaya sai su kama bakinsu," in ji ta. "Ita kuwa Hansai, ko kusa da dutse ta zauna sai ya ba ta labari."

Damina ce, a shekarun ƙarshe na mulkin soja. Ana idar da sallar asuba sai ga hasken fitila a lungunmu. Tsohuwar Landiroba ce ta sashen lafiya, direbanta wani dattijo mai farin gemu, Malam Garba. Ya karɓi sandata ya ce, "Gaba za ki zauna, 'yata. Baƙon hanya ba a ɓoye masa hanya." A baya Sista ta zauna, rungume da wani akwati mai kauri. A cikinsa maganin ɗigo na shan inna yake, kewaye da ƙanƙara, don zafi yana kashe shi.

Da motar ta hau kwalta iska ta bugi fuskata, sai na ji ina dariya ni kaɗai. Gero ya fitar da kai hagu da dama, wake ya rufe ƙasa, balbelu sun yi fari fat a bakin tafki. Komai na gani sai na tambaya. A shingen farko wani ɗan sanda ya leƙo ya nuna akwatin.

"Me ke ciki?"

"Maganin shan inna ne, yallaɓai," in ji Malam Garba. "In ka buɗe, sanyin ya gudu."

Ya dubi sandata, ya dube ni, ya janye katakon ƙusoshinsa. "Allah ya kiyaye hanya."

A tashar Gagarawa muka karya da ƙosai da kunun tsamiya, sannan muka bar kwalta muka shiga yashi. Da hantsi muka isa ƙauyen.

Sunan uwar yarinyar Uwale, ita kuma yarinyar Sa'ade, ba ta daɗe da yaye ba. Uwale ta ce da gudu take bin kaji a tsakar gida. Ta yi zazzaɓi ya sauka, har an ce ta warke, sai wata safiya ta miƙe ta faɗi. Sista ta ɗaga ƙafar daman ta saki, ta faɗo kamar tsumma. An ɗaura mata laya a idon sawu, ɗakin yana ƙamshin turaren hayaƙi. A nan dariyata ta tsaya. Na san wannan ƙafar.

Matan gidan da na maƙwabta suka cika tsakar gida. Wata tsohuwa ta ce, "Ai ba ciwon asibiti ba ne. Inna ce ta sha ta."

Sista ba ta yi musu ba. Ta ɗebi kashin yarinyar a 'yar roba don a kai gwaji, ta wanke hannu da sabulu, sannan ta zauna a tabarma. Ta ce, "Mama, bari in faɗa muku abin da aka koya mana. Wata ƙwayar cuta ce, ido ba ya ganinta. Ta baki take shiga, ta zauna a hanji ta yi ta haihuwa, ta fito a kashi. Yaro ya yi a gindin katanga, ƙuda ya sauka a kai ya tashi ya sauka a kwanon tuwo. Uwa ta yi masa tsarki, ta koma ta dama fura. Ruwan sama ya kwashe ya kai tafki. Shi ke nan ta sami wani bakin."

"Kashin yaro ai ba ƙazanta ba ne," in ji wata.

"Nasa ya fi ɗauke da ita, 'yar uwa."

Ni ban san lokacin da na sa baki ba. Na ce, "To Sista, in haka ne ai da duk yaran gidan nan sun kwanta. Ga su can suna tsalle."

Ta ce, "Nan ne mugun halinta. Yawancin yaran da ta shiga ko ciwon kai ba sa yi. Suna wasa, suna ci, suna raba ta makonni ba wanda ya sani. Can ba a rasa ba sai ta sami ɗaya ta bi jini ta kai ga jijiyar ƙafa. In kin ga yaro ɗaya ya faɗi, to da yawa suna yawo da ita."

Matan suka juya suna duban 'ya'yansu. Ni kaina tunda nake ban taɓa jin wannan ba.

Sista ta tambaya ko sun yi tafiya, ko sun yi baƙi. Kowa ya ce babu. Ta fita ɗiga wa yaran ƙauyen magani, ni kuma na ga kan Uwale ya cukurkuɗe, tun kwanciyar 'yarta ba ta taɓa shi ba. Na ce ta zo in tsefe mata. Ina tsifa tana kuka, na ce, "Dube ni, Uwale. Da wannan ƙafar nake ci da kaina, yau ga ni har garinku. Ki riƙa miƙe mata ƙafar yadda Sista ta nuna miki, ki kai ta asibiti, kada ki ɓoye ta a ɗaki."

Can muna hira sai ta ce ba abin da ya fi ba ta takaici irin sunan da ba za su je ba jibi. Na ce sunan wa? Ta ce na gidan su Buba, Bafulatanin da ke yi wa mijinta kiwo. Matarsa da 'ya'yansa uku sun yi kwanaki a nan kafin Sa'ade ta kwanta, kwano ɗaya suke ci da ita. Na ce, "Ai kun ce ba ku yi baƙi ba!" Ta ce, "Su Buba ai ba baƙi ba ne."

Na rarumi sandata na fita ina ƙwala wa Sista kira. Da ta ji, ta dafe kai. Ranar Juma'a yaran rugage da yawa za su taru wuri ɗaya, su ci a ƙwarya ɗaya, kuma babu wanda aka taɓa ɗiga wa magani. Mijin Uwale bai san inda rugar ta sauka bana ba, ya dai san wajen Sule Tankarkar ne. Amma ya ce Buba zai je kasuwar Maigatari gobe sayen ragon suna.

Muka kwana a Gagarawa gidan wani ma'aikacin asibiti, wanda aka bar wa aikin aika kashin gwaji. Matarsa ta yi mana tuwon gero da miyar yakuwa, na ci har na ji kunya.

Alhamis: Maigatari

Hanyar Maigatari ta gefen Gumel ta bi. Na hango rufin gidajen unguwarmu daga cikin mota, na yi ta ɗaga hannu, ba wanda ya gan ni. Gidajen mai duk a rufe, sai wajen 'yan bumburutu Malam Garba ya sha galan biyu yana ta mita. Daga nan hanya ta cika. Manyan motoci shaƙe da shanu, a-kori-kura da mutane har kan rufi, jakuna, amalanke. Shingen 'yan sanda, na kwastan, na soja, kowanne sai an tsaya, kowanne sai Malam Garba ya maimaita zancen sanyin da zai gudu.

Jama'a, na ga kasuwa! Raƙuma kuwa, ni da a da in na ga ɗaya sai in kwana ina labari, ga su nan a durƙushe sun fi ƙarfin ido. Buzaye da rawani har hanci, mutanen Damagaram da kanwa da dabino da cuku, masu canji suna kaɗa takardun sefa. Hausar ma wata iri, mai daɗi, kamar ana rera ta.

Kafin mu shiga neman Buba, Sista ta leƙa akwatinta ta fito da fuska a murtuke. Ƙanƙarar ta fara zama ruwa. Ta nuna mini wani ɗan tabo a jikin kwalbar maganin, ta ce in ya yi duhu maganin ya mutu, sai zubarwa. Muka je asibitin garin, ba wuta tun shekaranjiya. Malam Garba ya bi masu shaguna yana tambayar ƙanƙara, kowa ya girgiza kai. Sai wani mai sayar da lemo, mutumin tsallaken iyaka, ya ce, "Galas kuke biɗa?" Muka dubi juna. Ya buɗe wani buhu cike da dusar katako, sai ga ƙanƙara ƙatuwa kamar tubali. Da ya ji ta mece ce, ya fasa mana rabi ya ce mu tafi, shi ma yana da 'ya'ya.

Saura Buba. Uwale ta ce mini dogo ne, fari, da malafa da sanda. Da muka isa kara, wato wajen dabbobi, na ga duk wanda ke wurin dogo ne da malafa da sanda. Malam Garba ya tambayi wani dillali, shi kuma ya yi dariya ya ce, "Buba nawa kuke so? Yanzu in tara muku goma."

Ga taɓo, ga turmutsutsu, sandata sai nutsewa take. Wani mai amalanke da ya sauke kanwa ya ce in hau ya zaga da ni. Suka ɗaga ni, na zauna can sama, shanu biyu suna jana, ina kallon kasuwar Maigatari ta ƙarƙashina. Da muka kai layin raguna na manta da kunya, na buɗe murya.

"Buba mai suna gobe! Buba na gidan su Uwale!"

Mutane suna dariya, ni ina ƙarawa. A zagaye na biyu wani mutum riƙe da igiyar farin rago ya waiwayo, ya tura malafarsa baya. Na nuna shi da sanda ina ihu, "Ga shi nan! Sista, ga shi nan!"

Da Buba ya ji labarin Sa'ade sai ya tsuguna a wurin. Ya ce shi yake ɗora ta a wuya in ya je gidan. Sista ta yi masa bayani, ya saurara, sannan fuskarsa ta canja.

"Wato 'ya'yana ne suka kai musu ciwo?"

"Ban ce ba, Malam Buba, kuma ban sani ba. Wataƙila su suka kai, wataƙila a can suka ɗauko, wataƙila ma ba su da ita. Ba laifin kowa ba ne. Abin da na sani, gobe za su sa hannu a ƙwarya ɗaya da yaran danginku duka."

Ya miƙe riƙe da igiyar ragonsa. Ya ce, "Ni na ji. Amma ruga ba tawa ba ce, ta Nenne ce." Mahaifiyarsa ke nan.

Bayan la'asar muka tashi mu biyar, har da ragon, wanda ya yi ta hura mini iska a ƙeya. Malam Garba ya ce ba zai koma ta Gumel ba, ya yanke ta cikin ƙauyuka. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, ya cim mana a hanya. Da ƙyar muka shiga Sule Tankarkar da magariba, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mu mata muka sauka gidan wata ungozoma, ta ba mu ɗanwake da man gyaɗa, maza da rago suka kwana a zaure.

Juma'a: Rugar su Buba

Da asuba muka fita, don ba a raɗa suna ba rago. Ba mu yi nisa ba motar ta shiga wata fadama ta zauna. Malam Garba ya ba ta wuta, taya ta yi ta juyi tana watsa taɓo. Ya fito ya duba ya ce sai an samo mutane. Buba ya nuna wasu bishiyoyi can nesa ya ce rugar ke nan, ya ja ragonsa ya ruga.

Sista ta dube ni, ta dubi taɓon. Na ce ta tafi da akwatin ta bar ni. Ta ce, "Ba inda za ni ba ke." Muna cikin haka sai ga Buba ya dawo da samari huɗu da wani ƙaton takarkari, wato bijimin da suke ɗora wa kaya in za su tashi. Samarin suka tsaya wa mota, ni kuwa aka cicciɓe ni aka aza a bayan sa, aka miƙo mini akwatin. Ina ta salati, ina ta dariya, Sista tana biye da takalmanta a hannu. Haka muka shiga ruga rana tana fitowa.

An yanka rago, an raɗa suna, mata suna ta isowa da ƙore a ka da yara a baya. Yaran kuwa ba sa ƙirguwa. Nenne tana zaune a ƙofar bukkarta, 'yar tsohuwa siririya, idonta kamar na shaho. Buba ya durƙusa ya yi mata magana da Fulatanci. Ta amsa da Hausa don mu ji.

"Jikokina ne masu cuta? Ku dube su. Wanne ne ya yi kama da marar lafiya? Ranar suna za a zo a ce gidana ne ke raba ciwo?"

Sista ta fara bayani, Nenne ta ɗaga hannu ta tsayar da ita. Matan suka fara janye 'ya'yansu. Na ga aikin kwana biyu zai zube, sai na ja jiki na matsa gabanta, na gaishe ta, na ɗage zanena zuwa gwiwa.

Na ce, "Nenne, ki duba. An ce ni ma da gudu nake yawo, lafiyayya kamar waɗannan. Wanda ya ba ni, har yau bai san ya ba ni ba, ni ma ban san shi ba, kuma ba na jin haushinsa. Shekaranjiya na ga Sa'ade, wadda jikokinki suke wasa da ita. Ƙafarta ta fara hanyar tawa. Ba mu zo mu ce gidanki ne ya kai ba. Mun zo ne kada a zo suna da ƙafa biyu a koma da ɗaya."

Ta sa hannu ta taɓa ƙaurina, ta matsa a hankali kamar mai duba maraƙi. Ta ce, "Ba Inna ba ce?"

Na ce, "Ni ma haka aka faɗa mini. Amma ta baki take shiga, Nenne, daga hannun da bai wanku ba."

Ta juya wajen Sista. "Ɗiga mata in gani."

Na ce, "Ni ai an riga an yi, amma kawo." Na buɗe baki aka ɗiga mini biyu, na yamutsa fuska don ɗan bauri gare shi, yara suka fashe da dariya. Nenne ta ce a ɗiga mata ita ma. Ta tanɗa, sannan ta shiga bukka ta fito da jaririn da kanta.

Daga nan sai layi. Sista tana ɗigawa, tana faɗa musu cewa sau ɗaya ba ya isa, za ta dawo, kuma maganin ba yau zai fara tsaro ba. Na yau, in ji ta, wankin hannu ne. Nenne ta sa aka kawar da ƙwaryar da kowa ke tsoma hannu a ciki, aka ba ni buta da toka, na zauna kusa da ƙoren fura. Duk yaron da zai sha sai ya biyo ta wurina na zuba masa. Ta sa samari suka haƙa rami can bayan garke, ta ce duk uwar da ɗanta ya yi, ta kwashe ta kai can. Ba wadda ta yi mata musu.

Da za mu tafi ta ba ni man shanu a ɗan ƙoƙo da zabuwa mai rai. Ta ce, "Ke, mai baki, ki dawo da kaka."

Komawa gida

Mun sami mota a kan tudu, Malam Garba taɓo har gemu. Muka tsaya ya yi Juma'a a Sule Tankarkar, muka hau kwalta, kafin la'asar sakaliya muna ƙofar gidanmu. Na shiga da zabuwa tana kuka, muryata a dishe.

Na zauna na zayyana wa Iya komai, raƙuma, amalanke, takarkari. Tana ta dariya. Da na zo kan bayanin Sista, yadda cutar ke bi daga hannu zuwa baki, da yadda mai ɗauke da ita ba ya sani, sai na ga ta daina tankaɗe.

Ta ce, "Sake faɗa."

Na sake.

Ta ce, "Daminar da kika kwanta, wata magariba na watsa ruwan zafi a bakin rariya ban yi bisimilla ba. Ba a yi mako ba ƙafarki ta saki. Wata a cikin dangin babanki ta ce na ƙona 'ya'yan Inna ne ta rama a kanki. Ban taɓa faɗa wa kowa na yarda da maganar ba, amma na yarda."

Na ce, "Iya, ba ruwan zafi ba ne. Wallahi ba shi ba ne."

Ta ture garin gefe. Can ta ce, kamar da kanta take magana, "A daminar nan ne ɗan Gambo na bayan masallaci shi ma ya shanye. Nan take kawo shi in za ta unguwa. Kwano ɗaya nake zuba muku." Ta share ido da gefen zane, ta miƙe ta jawo mayafinta.

Na ce, "Ina za ki, ga magariba ta kusa?"

Ta ce, "Gidan Gambo. Ita cewa aka yi ta bar shi a gindin tsamiya. Bari ita ma ta ji."

Daga baya sakamakon gwaji ya dawo, shan inna ce ta kama Sa'ade. Uwale ta yi ta kai ta asibiti har aka yi mata takalmin ƙarfe, ta taka. Daga rugar su Buba kuwa, iyakar abin da ya zo kunnena, ba yaron da ya faɗi a wannan daminar.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Sista Rifkatu da ta ga amfanin bakina, da Malam Garba da ya ba ni kujerar gaba, da mai lemon da ban tambayi sunansa ba, da Nenne. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya tsare mana ƙafafun 'ya'yanmu.